Sau Nawa Aka Ƙara Shi? Lissafin Ninkin Girma a Madubin Likita



Maganar da aka ɗora mini yau ƙarama ce a ido. Duk wanda ya taɓa zama a ajin ilmin halittu na makarantar sakandare ya san alamar nan da akan rubuta a ƙarƙashin zane, watau ×10 ko ×400 da makamantansu, ya kuma san malami yakan rage maki in an manta da ita. Abin da ba kowa ya tsaya ya yi tunani a kansa ba shi ne, me wannan lamba take faɗi, daga ina ta fito, kuma yaushe ne take komawa ƙarya. Abin da nake so in tabbatar muku shi ne, lambar nan 'yar awo ce. Sai an auna abu biyu, an raba ɗaya da ɗaya, sa'an nan a same ta. Wanda ya kwafo ta daga jikin madubi ko daga littafi ya manna a ƙarƙashin zanensa, lamba ya rubuta, amma bai yi lissafi ba. Wannan kuwa ya shafi ɗalibin da zai zauna jarrabawa a Mai'aduwa, ya shafi mai duba jini a asibiti a Daura, ya shafi malamin dabbobi, ya kuma shafi ma'aikacin da zai sa hannu a takardar sayo wa makarantu kayan aiki.

Mu fara daga inda babu madubi ko kaɗan. A jarrabawar aikin hannu ta ilmin halittu, ko ta WAEC wadda aka kafa a 1952, ko ta NECO wadda ta zo a 1999, akan ajiye wa ɗalibi abu a gabansa, ƙwayar wake, ko fara, ko ganye, ko ƙashin wata dabba, a ce ya zana shi. Sau da yawa har tsawon da ake so zanen ya kai akan faɗa masa. Daga nan sai a nemi ya rubuta ninkin girman zanen. Ƙa'idar kuwa ɗaya ce tak:

Ninkin girma = tsawon zane ÷ tsawon abin da aka zana

Alal misali, ƙwayar wake mai tsawon milimita 8, in an zana ta har ta kai milimita 64, ninkinta ×8 ke nan. Fara mai tsawon milimita 50, in zanenta ya kai milimita 150, ×3. Inda yara kan ruɗe shi ne wurin abin da ya fi takarda girma. A ce ƙoƙon kan saniya ne mai tsawon santimita 48, ɗalibi ya zana shi cikin santimita 12. Amsa ita ce 12 ÷ 48, watau ×¼ ko ×0.25. To, da yawa in sun ga amsa ba ta kai ɗaya ba sai su tsorata, su juya lissafin, su rubuta ×4. Abin da suka faɗa wa mai gyaran takarda ke nan, kan da ke cikin littafinsu ya ninka na saniya sau huɗu, watau ya doshi mita biyu.

Wajibi ne layin da aka auna a jikin abu ya zama shi ne aka auna a jikin zane. In daga kan fara zuwa ƙarshen cikinta aka auna, kada a koma zane a haɗa da ƙahonni. A kuma lura cewa ninkin tsawo ake nufi, ba na faɗin fili ba. Ganyen aduwa da aka zana a ×3 ya ninka tsawo sau uku, ya ninka faɗi sau uku, saboda haka filin da ya ci a takarda ya ninka na asali sau tara. Za mu komo kan wannan, domin yana da muhimmanci a asibiti.

Ma'aunin da bai kai gashi ba

Kakanninmu sun auna tufa da kamu, sun auna igiya da gaba, sun auna fili da taki, kuma waɗannan sun ishe su, don abin da suke aunawa abin da hannu ke kamawa ne. Abin da ke ƙarƙashin madubin likita, wanda wasu kan kira maikuroskof, ko milimita ta yi masa yawa. Saboda haka akan raba milimita ɗaya gida 1,000, kowane gida a kira shi maikuromita. Domin ku sami abin kwatance, kaurin takardar da ake rubutu a kai bai wuce kimanin maikuromita 100 ba, kaurin gashin kan mutum kuma galibi tsakanin 50 da 100 yake. Jar ƙwayar jinin mutum faɗinta maikuromita 7 zuwa 8 ne, watau sai an jera wajen 130 kafaɗa da kafaɗa kafin su cika milimita guda.

A nan ne ramin da ya fi cin ɗalibai yake. Ga hoton jar ƙwayar jini a littafi, an sa rula an auna faɗinta, milimita 21. An ce faɗinta na gaskiya maikuromita 7. Mai gaggawa sai ya raba 21 da 7 ya rubuta ×3. Da haka ne, da kowa yana ganin ƙwayoyin jininsa kamar gujiya duk ran da ya yanke. Dole ne a mai da awo biyun su zama iri ɗaya tukuna. Milimita 21 ita ce maikuromita 21,000, a raba da 7, a sami ×3,000. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, in ji masu iya magana, kuma wannan tsallen kuskuren sau dubu ne cur. Ni da za a bi shawarata, da ba a bar yaro ya taɓa madubi ba sai ya iya mai da milimita maikuromita ya kuma dawo da ita ba tare da ya tsaya ƙirga sifirai da yatsa ba.

Ita ƙa'idar tana juyuwa. In an san ninki, an kuma auna hoto, sai a raba tsawon hoton da ninkin a sami girman abu na gaskiya. Wannan juyin shi ne ya fi amfani, don shi ne ke gaya wa mutum girman abin da bai taɓa riƙewa a hannu ba.

Lambar da ke jikin madubi

Madubin makaranta yana da gilashi iri biyu. Akwai na sama, inda ake ɗora ido, mu kira shi gilashin ido, galibi an rubuta masa ×10. Akwai kuma na ƙasa, guda uku ko huɗu a kan wani faifai mai juyawa, su ne ke fuskantar abin da ake dubawa, an rubuta musu 4, da 10, da 40, wani lokaci da 100. Na ƙasan shi ke fara ƙara girman abu, na saman kuma ya ɗauki wannan hoton da aka riga aka ƙara ya sake ƙara shi. Don haka ninkawa ake yi, ba tarawa ba. Mai buhu goma, kowane buhu yana cin tiya arba'in, tiya 400 gare shi, ba 50 ba. Haka gilashin ido ×10 da na ƙasa ×40 suke ba da ×400. Sauran kuwa ×40, da ×100, da ×1,000.

Wannan duk ɗalibai sun iya shi, kuma iya shi ɗin ne ke kai su ga kuskure na biyu. Yaro ya duba abu a ×400, ya zana shi, ya rubuta ×400 a ƙarƙashin zanen, ya ajiye fensir ransa fari. Amma ×400 ɗin nan labarin abin da ya shiga idonsa ne. Ma'anarta, abin ya bayyana masa sau 400 fiye da yadda zai gan shi da ido tsura in ya riƙe shi a nisan santimita 25, watau nisan da mutum kan riƙe littafi. Hoton nan a cikin ido yake, babu mai iya ɗora masa rula. Abin da hannu ya zana a takarda kuwa wani abu ne dabam, yana iya zama babba, yana iya zama ƙarami, gwargwadon yadda yaron ya saki hannunsa. Zane yana da nasa ninki, kuma ba a samunsa sai an san girman abin na gaskiya.

To, yaya za a san girman abin da rula ba ta iya aunawa? Hanya mafi sauƙi ba ta bukatar komai sai rular roba wadda haske ke ratsawa, irin wadda ake sayarwa a kowane shagon littattafai. In ka leƙa madubi za ka ga da'irar haske, ita ce filin gani. Juya gilashin ƙasa zuwa na 4, ka ɗora rular a kan dandamalin madubi, ka ƙirga milimita nawa suka ratsa da'irar daga gefe zuwa gefe. A yawancin madubin makaranta za ka sami wajen huɗu da rabi, watau maikuromita 4,500. Daga nan ba sai ka sake aunawa ba, domin gwargwadon yadda ninki ya hau, gwargwadon haka fili ke tsukewa. A ×100 zai zama maikuromita 1,800, a ×400 ya koma 450, a ×1,000 kuwa 180 kacal. Wasu masu ƙira ma sun hutar da mu, sukan rubuta wata lamba ta biyu a jikin gilashin ido, kamar 18 ko 20. In ka raba ta da lambar gilashin ƙasa, ka sami faɗin fili a milimita: 18 ÷ 10 shi ne 1.8.

Yanzu a ɗauko albasa. A ɓare siririn tantanin nan da ke cikin ɓawonta, a shimfiɗa a kan fallen gilashi da ɗigon ruwa, a duba a ×100. Za a ga ƙwayoyin halitta a jere kamar tubalan gini. A ce an ƙirga shida, kai da kai, sun ratsa filin daga gefe zuwa gefe. Tsawon kowace ke nan 1,800 ÷ 6, watau maikuromita 300. Ɗalibi ya zana guda ɗaya, tsawon zanensa milimita 90, watau maikuromita 90,000. A raba da 300, ninkin zanensa ×300. Na kusa da shi ya leƙa madubin nan guda, amma shi mai tsuke hannu ne, zanensa milimita 45, nasa ×150. Dukansu biyu sun yi daidai, alhali madubin ×100 yake cewa. Na ukun da ya yi zane mai milimita 90 ya rubuta ×100, shi ya yi da'awar cewa ƙwayar albasa ta kai maikuromita 900, kusan milimita guda, wadda da uwargida ta gani a wurin yanka. Abin da ya fi kyau shi ne a koya wa yara su rubuta duka biyu: an duba a kaza, ninkin zane kaza.

Wannan dabara ta kwatanta abin da ba a sani ba da wanda aka sani, tsohuwa ce. Antonie van Leeuwenhoek, wani mai sayar da yadi a garin Delft ta ƙasar Holan, wanda tun cikin shekarun 1670 ya riƙa ba da labarin ƙananan halittun da ya gani a ruwa, ba shi da maikuromita. Da ƙwayar yashi da silin gashi yake kwatance, ya ce kaza daga cikinsu ne za su kai faɗin ƙwayar yashi guda. Gilashinsa guda ɗaya ne, ɗan mitsitsi, amma daga cikin waɗanda suka rage har yau akwai mai ninki fiye da sau 250. Kafinsa kaɗan, a 1665, Robert Hooke na Ingila ya buga littafinsa Micrographia, inda ya zana ƙananan ɗakunan da ya gani a ɓawon itacen da ake toshe kwalba da shi. Su duka kuwa sun tarar da ilmin haske da gani wanda Alhasan Ibnul Haisam, haifaffen Basra, ya shimfiɗa a Kitabul Manazir a Masar tun farkon ƙarni na 11.

Tiyar da ke canza ciki

Ƙirga ƙwayoyi a fili kintace ne mai kyau, ya ishi aji. Wanda ke son awo na sosai yakan sa wata 'yar rula ta gilashi a cikin gilashin ido, mai gida 100, ta yadda duk abin da ya duba zai ga rular a kansa. Sai dai gidajen nan ba su da ƙayyadadden tsawo. Ku ɗauka tiya ce wadda cikinta ke canzawa duk lokacin da aka juya gilashin ƙasa. Duk wanda ya taɓa sayen gero a kasuwa biyu ya san ba a yarda da tiya sai an gwada ta da wadda aka sani. Abin gwajin a nan shi ne wani fallen gilashi da aka zana wa milimita ɗaya tak, aka raba ta gida 100, kowane gida maikuromita 10. Sai a ɗora shi a dandamali, a daidaita rula biyun. A gilashin ƙasa na 40, akan ga gida 100 na rular ido sun yi daidai da gida 25 na fallen, watau maikuromita 250, saboda haka kowane gida 2.5 ne. A na 10 kowane gida ya zama 10, a na 100 kuma ya zama 1. Kowane madubi sai an yi masa nasa gwaji, a rubuta a manna a jikin akwatinsa.

Ina amfanin wannan wahala? Mu je kasuwar Mai'aduwa, wadda tana daga cikin manyan kasuwannin dabbobi na kan iyakarmu da Jamhuriyar Nijar, inda shanu da raƙuma da tumaki ke shigowa, daga nan kuma a lode su zuwa kudu. Daga cikin cututtukan da makiyayi ya fi tsoro akwai sammore. Abin da ke kawo ta wata 'yar halitta ce siririya mai wutsil-wutsil a cikin jini. Griffith Evans ya gan ta a jinin dawaki da raƙuma a Indiya a 1880, David Bruce kuma ya gan ta a jinin shanu a ƙasar Zulu a tsakiyar shekarun 1890, ya kuma nuna ƙudan tsando ne ke yaɗa ta. Ba iri ɗaya ba ce. Irin da ke kama raƙuma wasu ƙudaje masu cizo ne ke ɗaukarsa, shi ya sa ake samunsa har a busasshiyar ƙasa inda babu tsando. A cikin na shanu, wanda ake kira kongolense gajere ne, galibi bai kai maikuromita 20 ba, wanda ake kira bibas kuwa galibi ya haura 20. Masu bincike, irin na cibiyar binciken sammore ta Kaduna da ta binciken cututtukan dabbobi ta Vom, sukan haɗa tsawo da siffa da yanayin motsi kafin su ce ga irin da suka gani. To, a ce malamin dabbobi ya auna a gilashin 100 ya sami gida 14, watau maikuromita 14. In ya manta ya yi amfani da awon gilashin 40, sai ya ninka da 2.5 ya rubuta 35. Ya mai da gajere dogo ke nan, ya kuma shigar da sunan da ba shi ba ne a rahoton da wasu za su dogara da shi.

Haka abin yake wajen tsargiya, wadda yaran da ke wanka a kududdufi da bakin madatsun ruwa suka fi kamuwa da ita. Theodor Bilharz ne ya gano tsutsarta a Alƙahira a 1851. Ƙwanta da ake nema a fitsari tsawonsa wajen maikuromita 150 ne, da 'yar ƙaya a ƙarshensa. A ×100 zai ci kimanin kashi ɗaya cikin goma sha biyu na faɗin fili. Wanda ya riƙe wannan a ka ba zai ɗauki wani ɗan tarkace mai maikuromita 20 ya ce ƙwai ba ne, ko da siffarsu ta yi kama.

Akwai kuma matsalar hoton da aka buga. Marubucin littafi ya sa hoto ya rubuta ×400. Malami ya kai shafin wurin mai fotokwafi, aka rage shi daga babbar takarda zuwa rabinta don a yi tattali. Ragin nan yana mai da kowane tsawo kashi 71 cikin ɗari na yadda yake, saboda haka hoton ya koma wajen ×283, amma rubutun ×400 yana nan daram. Yau ma abin ya fi haka, tun da ɗalibai sukan kanga wayar hannu a gilashin ido su ɗauki hoto, su buɗe shi da yatsa biyu, su tura wa juna. Hoto guda a waya wani girma ne, a allon kwamfuta wani ne. Maganin wannan shi ne layin awo, watau ɗan gajeren layin da akan ja a gindin hoto a rubuta masa, alal misali, maikuromita 10. In an rage hoto layin ya ragu tare da shi, in an ƙara ya ƙaru. Sai ka auna layin da rula. In ka sami milimita 20, watau maikuromita 20,000, ka raba da 10, ninkin hoton da ke hannunka ×2,000 ne, ko me aka rubuta a sama. A ra'ayina, duk hoton da ba shi da wannan layi bai kamata a ɗora tambayar jarrabawa a kansa ba.

Iyakar haske

Saura tambayar da ta fi shafar ku ma'aikata. In ×1,000 yana da kyau, me zai hana ×2,000 ya fi shi? 'Yan kasuwa sun san mutane na yin wannan tunani, shi ya sa za ku ga kwali an rubuta masa ×1,600 ko ×2,000 ko fiye, da manyan baƙaƙe.

Amsar ta fito tun 1873 daga Ernst Abbe, wanda ya yi aiki tare da Carl Zeiss a garin Jena ta Jamus. Haske yana tafiya ne kamar igiyar ruwa, kuma tazarar da ke tsakanin tudun wata igiya da na mai bi mata, a hasken da ido ke gani, tana tsakanin maikuromita 0.4 da 0.7. Abbe ya nuna cewa ɗigo biyu da suka kusanci juna fiye da kimanin rabin wannan tazara, watau wajen maikuromita 0.2, babu gilashin da zai nuna su a rabe, sai dai a gan su a cure wuri ɗaya. Idon mutum kuwa, a nisan karatu, yana iya raba ɗigo biyu in tazararsu ta kai milimita 0.1 zuwa 0.2. Ku yi lissafin da kanku: maikuromita 0.2 sau 1,000 ita ce milimita 0.2. Kun ga ke nan, a wajen ×1,000 madubi ya riga ya miƙa wa ido duk abin da haske ya kawo. Abin da aka ƙara bayan nan kumburi ne kawai. Kamar a ɗauki ɗan hoton fasfo a buɗe shi ya cika bango: fuska ta yi girma, ta kuma yi dishi-dishi, ba a ga ko gashin gira ɗaya da ba a gani da can ba.

Lambar da ke faɗin gaskiyar gilashi tana nan a jikinsa, kusa da lambar ninki, sai dai ba kowa ke kula da ita ba. Za ku ga an rubuta 40/0.65 ko 100/1.25. Ta biyun ita ce ma'aunin yawan hasken da gilashin ke iya tarowa, kuma ita ce ke yanke ƙarfin rarrabewarsa. Ƙa'idar masu aikin ita ce, ninki mai amfani ba ya wuce wannan lamba sau 1,000. Gilashi mai 0.65 iyakarsa wajen ×650, mai 1.25 kuma wajen ×1,250. Shi na 100 ɗin ma ba ya kai wannan matsayi sai an ɗiga wani mai na musamman tsakaninsa da fallen gilashi, mai wanda ke karya haske daidai da yadda gilashi ke yi. Na ce na musamman, don kada wani ya ce man gyaɗa ma mai ne. Wanda ya cusa gilashin ido ×20 a kan na 100 ya rubuta ×2,000 a kwali bai yi ƙarya a lissafi ba, amma rabin abin da ya sayar iska ce.

Wannan iyaka ita ce ta sa madubin haske ke nuna ƙwayar tarin fuka, wadda Robert Koch ya bayyana a 1882, mai tsawon maikuromita 2 zuwa 4, amma ba ya nuna bairas ɗin shan-inna, wanda faɗinsa wajen maikuromita 0.03 ne. Irin wannan sai madubin lantarki, wanda Ernst Ruska da Max Knoll suka fara haɗawa a Jamus a 1931.

Saboda haka in takardar sayen madubai ta zo teburinka, ranka ya daɗe, kada ka tsaya a babbar lambar kwali. Ka nemi a rubuta maka lambobi biyun da ke jikin kowane gilashin ƙasa. Makarantar sakandare gilashin ido ×10 da na ƙasa 4, 10 da 40 sun ishe ta duk abin da ke cikin manhaja. Gara madubi goma masu wannan, da guda uku masu taƙama da dubu biyu, domin yaro arba'in a kan madubi ɗaya leƙe ne kawai, ba awo ba. A duba kuma ko madubin yana aiki da hasken rana ko da fitila mai caji, saboda makarantar ƙauye ba ta dogara da wutar lantarki. A haɗa da fallen gwaji ko da guda ɗaya ga kowace makaranta, da rulolin roba, da murfin da zai kare gilasai daga ƙurar hunturu.

Na yi alkawarin komowa kan maganar fili. Kowane ƙarin ninki yana da farashi, farashin kuwa shi ne abin da ka daina gani. Daga ×100 zuwa ×1,000 faɗin fili ya ragu sau goma, filin kansa ya ragu sau ɗari. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, wadda Alphonse Laveran ya fara gani a jinin majiyyaci a Aljeriya a 1880, a farkon girmanta ɗan zobe ne wanda bai wuce kusan kashi ɗaya cikin biyar na faɗin jar ƙwayar jini ba, don haka a ×1,000 ake nemanta, da mai, bayan an rina jinin. Filin da mai dubawa ke gani a lokaci guda faɗinsa milimita 0.18 ne. In jinin ba shi da ƙwayoyin da yawa, yana iya leƙa fili goma a jere bai ga ko ɗaya ba alhali suna nan. Wannan ne dalilin da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta shar'anta a duba aƙalla fili 100 kafin a rubuta cewa ba a ga komai ba. Kowane fili kimanin kashi ɗaya cikin arba'in ne na murabba'in milimita, saboda haka fili ɗarin nan gaba ɗaya murabba'in milimita biyu da rabi ne, bai kai shimfiɗar ƙwayar riɗi guda ba. Duba su ɗaya bayan ɗaya aikin mintoci ne ga kowane majiyyaci, kuma da damina, lokacin da layi ya fi tsawo a ƙofar ɗakin gwaji, waɗannan mintoci ne ya kamata mai tsara yawan ma'aikata ya sa a lissafinsa.